Ƙasar Sawun Auta

Sau ɗaya tak Dije ta taɓa tambayar autanta Muhannad irin aikin da yake yi a Halij, ƙasashen Larabawan nan na ƙetaren teku. Ya ce mata direba ne, ta ce Allah ya yi albarka, magana ta ƙare. Shekara uku ke nan tana roƙon Allah ya tsare mata shi daga ramin hanya da katsewar birki, ashe yaron ya daɗe da barin hanya ya koma sama, ita tana nan tana ta addu'ar birki.

Asiri ya tonu ne kwana biyu da zuwansa hutu. Ƙauyensu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki kudu da garin Suki, kuma kullum da la'asar maza kan taru a rumfar yayanta Gado su sha jabana, wato gahawa. Ran nan Dije tana tsakar gida tana tsintar wake sai ta ji rumfar ta kaure da salati da kabbara. Ta yafa mayafi ta leƙa. Maza goma sha wani abu sun haɗa kai a kan waya guda, har da Gado, wanda kullum yake cewa waya ce ta lalata yaran zamani, ga shi ya ture kowa ya kafa hancinsa a kanta.

"Mi anka samu?" in ji Dije.

Muhannad ya yi ƙoƙarin tura wayar cikin aljihu, amma Hashim, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda magana ba ta taɓa kwana a cikinsa ba, ya fizge ta ya miƙa mata.

"Hajiya, ɗanki ya zama tsuntsu!"

Ta duba. Ga ƙofar jirgin sama a buɗe, ga wani da hular kwano da tabarau tsugune a bakinta, iska tana kaɗa masa kumatu. Ko a buhu aka saka kumatun nan ta san masu su. Kafin ta buɗe baki mai kumatun ya saki hannu ya faɗa sarari, ƙasa can nesa a ƙarƙashinsa kamar tabarma. Dije ba ta yi ihu ba. Ta mayar wa Hashim wayar, ta koma gida ta zauna gaban wakenta, ta kasa bambanta wake da tsakuwa.

Muhannad ya biyo ta sumui-sumui, ya tsuguna nesa kaɗan, ya fara bayani da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta. Wallahi bai yi mata ƙarya ba, direba ne. Wurin da yake aiki fili ne a cikin hamada inda mutane ke zuwa su diro daga jirgi da laima, shi kuma aikinsa ya bi waɗanda iska ta kai nesa ya kwaso su a mota. Masu wurin suka ce duk ma'aikacin da yake so a koya masa, ya sa hannu. Ya yi karatun farko, ya yi dira ashirin da biyar, an ba shi takardar shaida. Yanzu malaminsa ya ce wasan yara ya ƙare, ya je hutu ya yi tunani, idan ya dawo nan da kwana goma ya faɗi fannin da zai sa ƙarfinsa a kai.

"Fanni huɗu ne, Yumma. Akwai na haɗa hannu da jama'a a sama, ya'ni a yi zobe tun kafin a buɗe laima. Akwai na juyi da alkafura, kai ƙasa ƙafa sama. Akwai naɗe laima da ɗinkinta. Sai kuma na tuƙin laima da sauka, amma wannan..." Ya yatsine fuska. "Wannan ba wani abu ba ne. Kowa ai yana sauka."

"Awo," in ji Dije. "Ko dutsi anka jefa yana sauka."

Gado ya shigo ba sallama, da ma shi gidan ƙanwarsa ba ya masa sallama sai in yana da laifi. Ya riga ya yanke hukunci tun daga rumfa: ɗinki. Ɗinki sana'a ce, ana yin ta a zaune, a ƙasa, in ma aka kore ka sai ka dawo garin Sinja ka buɗe shago. Hashim daga bakin ƙofa ya ce haba Baba, mutum ya hau sama don ya zo ya riƙe allura? Alkafura dai. Idon Muhannad kuwa ya nuna inda zuciyarsa take, kuma ba wajen allura ba ne.

Dije ta bar su suka gama. Sannan ta ce, "Ba ni da sawun da zan ɗaukam ma wanda ya bar ƙasa da gangan. In ka koma ga aikin ga, ka tahi abinka, amma ni ba ni duƙawa bakin ƙohwa."

Maganar ta fi mari zafi, kuma duk wanda ke wurin ya san haka. Dije tana da al'adar da ta gada wurin mahaifiyarta, ita kuma ta koya wurin maƙwabtansu Larabawa: duk nata da zai yi tafiya, da ya fita sai ta duƙa a bakin ƙofa ta kwashi ƙasar sawunsa na dama, ta ƙulle a tsumma, ta soke a rufin ɗakinta. Ranar da ya dawo ta kwance ta zuba a bakin ƙofar ya taka. Gado ya sha faɗa mata cewa wannan ba ya cikin littafi, ita kuma ta sha ba shi amsa cewa ba ta ce yana ciki ba, addu'a ce take yi da hannu. Muhannad ma yakan yi dariyar abin. Amma duk tafiyar da zai yi, in ya zo bakin ƙofar nan sai ya danna ƙafar dama da ƙarfi har ƙasa ta lotsa, ya wuce bai waiwaya ba.

Muhannad ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Halas, Yumma. In kin ce in bari, na bari. Zan koma mota."

Ai da gardama ya yi mata da ta fi jin daɗi. Da ya yi gardama, da ta samu abin faɗa, ta yi ta faɗa har zuciyarta ta huce. Amma ya ce ya bari, ya kuma bari ɗin a fuska, don a take ta ga hasken da ya zo da shi ya mutu. Dije ta san autanta. Ya bar makaranta saura shekara guda, ya bar koyon kanikanci a Sinnar bayan wata biyar, hawashar mahaifinsa marigayi kuwa, gonar da aka yanka musu a aikin noman rani, ko kaka ɗaya bai cika a cikinta ba. Wannan abin tsoron shi ne na farko da ya fara har ya kai ƙarshe aka ba shi takarda. Tana tsoron a aiko mata da gawa, tana kuma tsoron ta kashe masa abu ɗaya da ya taɓa so da gaske. Ta rasa wanne ya fi.

Akwai kuma wani abu da yake cin ta tun kafin wayar. Da safe in ta zo share tsakar gida takan ga sawunsa daga ɗaki zuwa wurin alwala. Na hagu cikakke. Na dama kuwa yatsu ne kawai da rabin tafi, babu diddige. Ta tambaye shi ya ce takalmi ne. Amma ta san ba da takalmi yake zuwa alwala ba.

Washegari da hantsi, bayan maza sun fita, ta aika aka kira 'yarta Hasina, wadda ke aure bayan masallaci, ita ce ta san kan waya. Muhannad ya bar tasa a caji.

"Buɗe min su duka. Ashirin da biyar ɗin."

"Inna, za ki iya?"

"Buɗe, na ce."

Na farko ta kalle shi ta tsakanin yatsu. Na biyu ta ce a wuce wurin faɗowar, ba ta ga amfaninsa ba, mutum yana ta shawagi yana washe haƙora. A kai ta ƙarshe, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Hasina ta yi ta ja da yatsa. A dira goma sha biyar na farko yaron yana sauka can tsakiyar fili, a hankali, wani lokaci ya ɗan yi gudu, wani lokaci ya durƙusa. Hasina ta ce a lokacin akwai rediyo a kunnensa, malami yana gaya masa ja dama, ja hagu. Daga na goma sha shida aka cire rediyon, daga nan kuma labari ya canja. Kullum sai ya nufo kusa da wani ƙaton ɗakin kwano, inda mutane ke zaune a inuwa suna kallo. Kullum kuma in ya kusa ƙasa sai laimar ta yi rawa, ta ɗan lanƙwashe, ta sako shi tim. Sau shida a kan ɗuwawu. A na ashirin da uku ƙafar dama ce ta fara dukan ƙasa, ya mirgina, ya miƙe yana ɗaga hannu yana dariya.

Hasina ta kwashe da dariya. Dije ba ta yi ba.

"Mai da shi baya. Wancan tsumman da ke bisa sanda, na mi ne?"

"Shi ke nuna inda iska ta nufa."

"Mai da baya kuma."

Ta kalli tsumman, ta kalli ɗakin kwanon, ta kalli inda ɗanta ya zube. Ta sa aka buɗe na ashirin, da na ashirin da ɗaya, da na ƙarshe. Sai ta tafa hannu, haushi ya kama ta, haushi na gaske irin wanda ba ta ji ba ko jiya.

"Ɗan da na goya ina shiƙa! Ɗana, ni Dije! Kaico."

Hasina ba ta gane ba, ita kuma ba ta tsaya yi mata bayani ba.

Injin girbi ya riga ya bi gonakin dawa, amma Dije ba ta taɓa yarda da aikin inji ba. Duk shekara sai ta bi gefen gona ta tattaro zangarniyar da ya bari, ta sussuke abinta da sanda a filin da ke bayan ɗakin ajiyar Gado, ta shiƙe da hannu. Kashegari da iska ta fara motsi ta tsaya a kan Muhannad yana shan shayi.

"Tashi ka taya ni shiƙa."

"Ni, Yumma? Shiƙa?"

"Wanda ke hawa jirgi ya diro, ƙwarya za ta gagare shi?"

Ya biyo ta yana ɗingishin da yake zaton ba a gani. Ta cika ƙwarya da dawa ta miƙa masa, ta ba shi tabarma, ta ce ya zaɓi inda zai tsaya. Ya duba fili, rana ta fara zafi. Ya duba gindin ɗakin ajiya, ga inuwa, ga kuma hanya kusa inda masu wucewa za su gan shi su yi masa barka da aiki. Ya shimfiɗa tabarma a nan. Dije ta koma gefe ta harɗe hannu, har da ɗan murmushin mugunta.

Ya ɗaga ƙwarya sama ya fara zubawa. Da farko ƙaiƙayin ya yi kamar zai tafi, sai ya yi wata 'yar juyawa ya dawo masa gaba ɗaya, fuska, ido, wuya, cikin riga. Ya yi atishawa ya koma ɗaya gefen. Ƙaiƙayin ya bi shi can. Ya sake juyawa, iskar ta ɗauke ɗif, dawa da ƙaiƙayi suka zubo tare a tabarma. Wasu mata biyu da ke dawowa daga tur'a suka tsaya suka yi masa barka da aikin da yake nema, suna dariya har da riƙe ciki.

"Iskar ce ba ta da kyau yau," in ji shi, yana susar wuya.

Dije ta karɓi ƙwaryar, ta ja tabarma, ta yi tafiya kamar taku hamsin zuwa tsakiyar fili inda ba bango ba itace. Ta tsaya jim, ta debi ƙaiƙayi kaɗan ta saki, ta gyara tsayuwa ta ba iska kafaɗa. Ta ɗaga hannu. Dawa ta zubo tsaye a wuri ɗaya, ƙaiƙayi ya yi gefe a layi, ko ɗaya bai taɓa mayafinta ba.

"Iska guda ce," ta ce. "Wurin tsayuwa ne ba guda ba. Iska in ta bugi bango ba ta wucewa salin-alin, hawa takai ta hwaɗo ta bayanshi tana murɗawa. Nan ta tura, nan ta ja, nan ta ɗauke. Ko yarinyar da anka ba ƙwarya jiya ba ta shiƙa bayan ɗaki. Kai kuwa ka ɗauki ranka ka rataya ga tsumma, kullum ka zo bayan ɗakin kwano ka sauka, iska na tahowa ta bisa kainai. Sau goma na ƙirga."

Muhannad ya daina susa. Ya kalli ɗakin ajiyar Gado, ya kalli inda ta tsaya, bakinsa a sake.

"Kin kalla?"

"Na kalli inda ya kamata a kalla. Su Hashim sama sunka kalla."

"Malamin ya faɗa mana," ya ce a hankali. "Wallahi ya faɗa, ya ma zana a allo da kibiyoyi. Da Turanci ne, na rubuta, na ci jarabawar. Har sau biyu ya kira ni gefe. Na ce masa tamam, na ji, na ɗauka tsoro ne kawai yake ba ni."

"To mi ke kai ka can?"

Ya sosa ƙeya, wannan karon ba don ƙaiƙayi ba. "Nan mutane suke zama. Mai ɗaukar hoto ma nan yake tsayawa."

Dije ta so ta ƙwala masa ƙwaryar a ka. Ta kuma so ta rungume shi, don tun yana rarrafe haka yake, ba ya yin abu sai ya waiga ya ga ko ana kallo. Sai ta zaɓi na uku, ta ce ya zauna ya miƙo ƙafar. Idon sawun ya kumbura, ya yi duhu ta gefe. Ta danna, ya ciji leɓe. Ba karaya ba ce, targaɗe ne da aka yi ta takawa don kada a sani. Da suka koma gida ta ɗumama man riɗi ta zauna ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, shi kuma yana cewa a hankali Yumma, yana jin daɗin abinsa.

Daga ranar kullum da hantsi suna fili. Dawar ba ta kai aikin kwana bakwai ba, amma Dije ta san yadda ake ja wa aiki rai, har ta karɓo ta maƙwabta. Ba ta ce masa tana koya masa komai ba. Sai dai kafin ya ɗaga ƙwarya ta tambaye shi daga ina iska take, kuma ba ta yarda ya jiƙa yatsa ya ɗaga ba. Ya duba ganyen dogonyaro na bakin hanya. Ya duba hayaƙin murhun gidan Hasina. Ya duba fuskar ruwan tur'a, gefen da ya kwanta lumui da gefen da ya yi yamutsi. Ta nuna masa yadda iskar safe ke yin sanyi gab da azahar, ta ɗauke, sannan ta dawo ta wani gefen kamar ba ita ba, da yadda saman itace ke kaɗawa wani lokaci alhali ƙasa shiru. Rana ta huɗu ya ce mata ta dakata, iskar za ta juya. Ta dakata don ta kama shi da kuskure, sai kuwa ta juya. Dije ta ce sa'a ce, amma ranar ta sa masa nama biyu a miya.

Shi ma ya riƙa ba ta nasa. Ya kama bakin mayafinta biyu ya nuna mata yadda ake jan igiyar dama laima ta karkata dama, da yadda ake jan duka biyun gab da ƙasa don ta tsaya. In ka ja da wuri ka faɗo daga sama, in ka makara ka daki ƙasa da gudu. Ta ce to ai kamar sauke tulu ne daga ka, ya ce wallahi kusan haka ne. Ta yi tambayoyi da yawa, har da wadda ta fi damunta, in laimar ta ƙi buɗewa fa? Ya ce akwai ta biyu. Ta ce in ta biyun ta ƙi fa? Ya duƙa ya cika ƙwarya, suka ci gaba da shiƙa.

A rumfar Gado kuwa muhawara ba ta mutu ba. Gado yana nan a kan ɗinki, har ya fara lissafin inda shagon zai kasance. Hashim ya ce koyon sauka aikin tsofaffi ne, wa zai tura wa mutane hoton mutum yana tsaye a ƙasa? Muhannad yakan yi dariya kawai. Dije tana jin su ta katanga, ta kuma san har yanzu alkafurar tana ransa, don ta sha ganinsa shi kaɗai yana kallon masu yin ta a waya. Ba ta ce masa zaɓi kaza ba. Maganar da ta yi a tsakar gida ma ba ta janye ba, shi kuma bai sake tayar da ita ba.

Ranar tafiya, bayan an karya, Gado da Hasina suka zo sallama. Raksha, keken haya mai ƙafa uku, tana jira a bakin hanya za ta kai shi Suki ya hau mota. Muhannad ya rataya jaka, ya tsuguna gaban mahaifiyarsa.

"Yumma, na rubuta wa malamin saƙo amma ban tura ba. Na ce tuƙin laima da sauka, shi zan yi, sai na iya shi sosai, a tsakiyar fili. Alkafura ta jira, ba inda za ta. In kin ce a'a, in goge in rubuta masa cewa mota ta ishe ni."

Gado ya ce, "Ɗinkin fa?" Ba wanda ya kula shi.

Dije ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ya jira ko da ƙari, babu. Ya miƙe jiki a sanyaye ya nufi ƙofa. Hasina ce kaɗai ta lura cewa bakin ƙofar, wanda jiya yake a taurare kamar daɓe, yau an share shi an baza masa lallausan yashin tur'a, an kuma yayyafa ruwa. Ta kalli mahaifiyarta, mahaifiyarta ta harare ta, ta haɗiye maganarta.

Muhannad bai lura ba. Da ya zo wurin bai danna ƙafa kamar yadda ya saba ba, don a ganinsa ba shi da wannan hurumin yanzu. Ya taka sama-sama ya wuce. Ya yi taku biyar ko shida sai ya ji muryarta.

"Auta. Komo."

Ya dawo.

"Wanga sawu ne ko tahiyar kaza? Taka min da kyau. Diddige duka."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya ajiye jaka, ya sa ƙafar dama a yashin, ya danna har diddigen ya nutse, ya ɗan runtse ido don targaɗen bai gama saki ba.

"Ɗayar ma."

Ya sa ta hagu kusa da ita. Ya ja da baya, ga sawu biyu reras, cikakku. Dije ba ta taɓa yin abin nan a gaban mai tafiya ba, sai ya ɓace take duƙawa. Yau ta duƙa yana tsaye, gwiwoyinta suna ƙara. Ta zaro tsumma biyu daga ƙugunta, waɗanda ta yaga tun asuba daga tsohon mayafin da take shiƙa da shi. Ta kwashi na dama ta ƙulle, ta kwashi na hagu.

"Ke Dije," in ji Gado, "ai na dama kaɗai aka ɗauka."

Ta ɗago ta dube shi. "Ashe ka san ƙa'idar abin da ba shi cikin littahi, Yaya?"

Hasina ta toshe baki. Gado ya shiga gyaran rawani.

"Masu tahiya ƙasa aka ɗaukam ma guda," in ji Dije, tana ɗaure na biyun da haƙori. "Wanga bisa biyu zai sauka."

Muhannad ya ciro wayar, ya danna ya tura saƙon, ya juyo mata da fuskarta ta gani ko da yake ba ta iya karatun ba. Ya sunkuya ya sumbaci kanta, ya ɗauki jaka, ya tafi da sauri don kada Kawu Gado ya ga idonsa.

Tsoron bai bar ta ba, ko kaɗan bai ragu ba, ta kuma san ba zai ragu ba muddin yaron yana hawa jirgin nan. Ta tsaya har ƙarar raksha ta ɓace, sannan ta shiga ɗaki ta hau kan gado ta soke ƙullin biyu a rufi, kusa da juna, daidai wurin da take gani in ta kwanta. Da ta sauko ta leƙo ta ce wa Hasina, in ya fara aiko da hotunan, kada a dame ta da na sama, a riƙa kai ta ƙarshe kawai.